Darasi Na Talatin Da Ɗaya

Ranar da Azindo, babban ɗan sarkin makaɗa, ya faɗi da babur a hanyar Tamale ya karya hannun dama, ina zaune a ƙofar ɗakin mahaifiyata ina ɓarar gyaɗa. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na ci gaba da abin da nake yi. Ban san kafin la'asar garin Kunjayili zai gama shawarar cewa muryata ce ta kayar da shi ba.

Mahaifina, Ticha Ziblim, shekararsa ashirin da shida yana koyarwa a makarantar garinmu. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa kwamfuta. Wata tsohuwa ya samu a wurin ƙaninsa, wadda sai an tokare murfinta da ƙamus take tsayawa. Duk Asabar sai ya hau keke zuwa bakin titi, ya shiga motar Tamale, ya zauna a barandar wani shago inda waya ke kamawa da kyau, ya ɗebo darussan rubuta manhaja. In ya dawo sai ya kwafe su da biro a littafin rubutu, layi bayan layi, don ya ce abin da hannunsa bai rubuta ba kansa ba ya riƙewa. Ya cika littafi goma sha ɗaya. Mutane suna wucewa su ce, "Ticha, yau ma kana hira da akwatin?" Shi kuma ya ce, "Ya fi ku sauraro."

Shekara huɗu ya yi kafin manhajar ta tsaya da ƙafarta. Ba ta neman intanet. A kan kusanta waya da waya kawai, ta tsallaka. Darasi arba'in ne a ciki, lissafi da Turanci da kimiyya da tarihi, duk an bayyana su da harshenmu, kuma a ƙarshen kowanne akwai tambayoyi. In yaro ya ci, wayar ta tafa masa. Ni na karanta darussan duka, domin na dawo daga kwalejin horon malamai ina jiran a tura ni wurin aiki, kuma ba yabon kai ba, babu mai karatu kamata a garin nan. 'Yan aji uku su talatin da takwas suna da jarrabawar fita nan da mako bakwai, littafin kimiyya kuwa guda shida ne a duk makarantar. Da manhajar suka dogara, a wayoyin iyayensu da yayyensu.

Darasi na talatin da ɗaya tarihin sarakunan garinmu ne. Mahaifina ya haɗa shi daga abin da ya ji tun yana yaro a bakin makaɗa. Kowa ya san makaɗa ba sa buɗe wannan tarihi sai an yanka rago, kuma akwai wuraren da in sun zo sai su yi ƙasa da murya, kalangu ya rufe maganar. Ɗaya daga ciki shi ne labarin Naa Dokurugu, kakan kakan sarkinmu na yanzu, wanda ya bar mutanensa a fagen yaƙi ya dawo gida da rana tsaka. Mahaifina ya rubuta: "Ya koma gida kafin a gama."

Na ce wa mahaifina, "Mba, wannan ai ba tarihi ba ne, gaisuwa ce."

Ya ce, "Karanta yadda na rubuta, Tiyumba."

Ya tafi makaranta ya bar ni da wayar ɗaukar murya. Na karanta "ya gudu". Kuma da yake ya koya mini yadda ake saka tambayoyi, na ƙara guda ɗaya tawa: wane sarki ne ya gudu daga yaƙi? Bai saurari darasin ba sai bayan ya bazu a wayoyin gari. Da ya ji, ya dube ni ya daɗe, ya ce zai gyara ranar Asabar. Azindo ya faɗi ranar Alhamis.

Tsoho Neindo, sarkin makaɗa, ya shigo gidanmu da yamma ba tare da kalangunsa ba. Tun ina ƙarama in ya gan ni sai ya ce, "Amaryata, yaushe za ki tare? Tuwon tsohuwar ya ishe ni." Ran nan ko inda nake bai duba ba. Mahaifina ya tsuguna, suka gaisa, naa, naa, naa, har gaisuwar ta ƙare don kanta.

Tsohon ya ce, "Ziblim, jiya ina wucewa ta bakin rijiya na ji 'yan mata suna kiran sunan Naa Dokurugu suna dariya. Na ji waya ta tafa musu. Ni shekara sittin ina ɗauke da sunan nan, ban taɓa fitar da shi da ƙarfi ba sai jini ya taɓa ƙasa. Kai ka zuba shi a aljihun kowa."

Mahaifina ya ce, "Nyaba, kakanmu, kuskure ne."

"Matattu ba su san ka ba. Ni suka ba ajiya, ni za su tambaya. Sun fara da hannun da zai gaje ni."

Na ce, "Nyaba, akwai rami a hanyar nan tun bara. Mutum uku sun faɗi a wurin."

Sai a lokacin ya juyo. Ya ce, "Makarantar da aka kai ki, har da ramuka aka koya miki?"

Mahaifina ya ce, "Shiga ɗaki."

Washegari aka kira mu fada. Sarki yana zaune a kan fatunsa bai ce komai ba, Wulana, kakakinsa, shi ne ke magana da yawunsa. Ya tambayi wanda ya tsara maganar. Mahaifina ya ce, "Ni ne." Na buɗe baki, ya miƙo hannu ta baya ya matse mini yatsan ƙafa har na ji zafi. Wulana ya yanke: daga kasuwar gobe zuwa kasuwa mai zuwa, kwana shida, a cire wannan darasi daga kowace waya. In aka ƙara jin sa a ko'ina bayan haka, za a sa masu gidaje su goge abin gaba ɗaya, kuma ba zai ƙara shiga Kunjayili ba.

A hanya na ce, "Ai da sauƙi. Ka cire shi daga kwamfuta, ya fita daga wayoyin."

Muka wuce masallaci. Sannan ya ce akwai babin da ke koyar da yadda ake gyara manhaja daga nesa, amma ya tsallake shi. Ya ga garin da waya ba ta kamawa sai an hau tudun tururuwa, ya ce me zai yi da shi. Don haka kowace waya sai an riƙe ta a hannu, a cire tsohuwar, a saka sabuwa.

"Wayoyi nawa ne?"

"Na saka wa arba'in da biyu da hannuna."

"Sauran fa?"

Ya ci gaba da tafiya.

Na ce, "Me ya sa ka hana ni faɗa musu ni ce?"

Ya ce, "Ni in na yi laifi, malami ne ya yi kuskure. Ke in kika yi, za su ce abin da karatu ke mayar da 'ya mace ke nan. Akwai 'yan mata goma sha bakwai a aji uku. Kina son su zauna jarrabawa ko ba kya so?"

Ran Asabar ya cire darasin. Ran Lahadi muka fara bin gidaje, shi da wayarsa, ni da littafi ina rubuta sunan duk wanda aka gama da shi. Aikin wayar minti goma ne. Amma ba a shiga gidan mutum a ce miƙo wayarka. Sai an tsuguna an gaida mai gida, an tambayi sanyi, an tambayi gona, an tambayi gajiya, a kawo ruwa a sha, a zagaya ɗakin uwargida a maimaita. Mahaifina yana da ciwon gwiwa. Ina jin ƙarar ta duk lokacin da ya tsuguna, in zai tashi sai ya dafa bango. Ranar farko mun gama gida tara. Ran Litinin sai bayan an tashi makaranta muka fita, muka tarar maza duk suna gona da wayoyinsu, muka bi su can. Mahaifina ya tsaya a tsakiyar kunyar doya, rana a tsakar kansa, yana kare fuskar waya da hularsa don ya ga rubutu, mai gonar kuma yana jingine da fartanya yana cewa, "Ticha, ashe akwatin ya iya tsegumi."

Wasu ba su karɓe mu ba. Wata mata ta ce mijinta ya riga ya goge komai, kada mu ƙara kawo musu masifa. 'Yarta Katumi, wadda ta fi kowa lissafi a aji uku, tana tsaye a bayanta tana kallon ƙasa. Mahaifina ya roƙi a bar shi ya mayar da darussan lissafi kawai. Matar ta ce, "Muryar waccan ce a ciki?" Ta nuna ni da haɓa. Ta ja ƙyaure.

Ban sunkuyar da kai ba. Ina so a san wannan. Duk inda muka bi ina tafe da mayafina a kafaɗa da littafina a hannu, in an kalle ni na rama. A bakin injin niƙa wata ta ce, "Ga mai karya hannu nan." Na ce, "In haka ne ki ja bakinki, wuyanki bai fi hannu ƙarfi ba." Aka yi dariya, amma dariyar da ba ta kai ciki ba.

A gidan Piriba Laaba, yayar mahaifina, muka sha wata irin wahalar. Ta ce ba ta da waya.

"Yaya, ni na saya miki ita."

"Ta faɗa randa."

Wayar ta yi ƙara daga cikin zanenta. Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Ziblim, kakan kakanmu yana cikin waɗanda aka bari a fagen nan. Ka sani, na sani. Shekara nawa muna ji ana rufe maganar da kalangu? Yanzu 'yata ta faɗa da bakinta, ka zo ka ce in goge? Ni kullum bayan sallar asuba sai na saurara."

"Yaya, yara talatin da takwas."

"Kai dai tun kana ƙarami matsoraci ne. Akuya ma korar ka take yi."

Ta jefo masa wayar a cinya. Da muka tashi ta riƙo hannuna ta cusa mini ƙulikuli, ta ce a kunnena, "Ke kika fi shi zuciya." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai da na ga yadda yake jan ƙafa a gabana daɗin ya koma wani abu daban.

Zuwa ran Laraba littafina ya kai suna ɗari da sha ɗaya. Muna dawowa ta bayan makaranta muka ji tafi daga gindin mangwaro, sannan muryata, tsaf, tana tambayar wane sarki ne ya gudu. Yara ne suka kewaye wata waya. Mahaifina ya karɓa ya duba. Wayar mai shagon ɗinki ce, wadda muka gyara ran Lahadi, sunansa na uku a littafina.

"Wa ya mayar da wannan?"

Suka ce sabuwar ba ta da daɗi, an cire wasan sarki, shi ya sa suka karɓo tsohuwar daga wayar wani direba. Kuma sun tura wa wasu.

Mahaifina ya zauna a kan saiwar mangwaron. Bai yi musu faɗa ba. Ya kore su da hannu, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa lura gashinsa ya yi fari haka ba.

Ya ce, "Na yi ta ne don ta yaɗu ba tare da ni ba. Abin da na fi alfahari da shi ke nan."

Na ce, "Gobe mu sake farawa."

"Daga ina?"

Duk da haka mun sake. Ran Alhamis muka bi gidajen da muka riga muka bi, muka sake tsugunawa, muka sake shan ruwa. A gida na bakwai ya tsuguna ya kasa tashi. Ni da mai gidan muka ɗaga shi, mutumin yana cewa, "Ticha, ka bar abin nan haka, ai ba kai ka haifi yaran ba." Mahaifina ya ce, "Miƙo wayar."

Ran Juma'a kasuwa ta ci. Bayan an sauko daga masallaci aka kira mu fada, wannan karon da jama'a a cike har waje. Azindo yana nan da hannu a rataye, tsoho Neindo a gefensa. Wulana ya tambaya ko an gama.

Mahaifina zai iya cewa an gama. Wataƙila a yi sati ba a kama shi ba. Ya ce, "Ba a gama ba, kuma ba zan iya gamawa ba. Ta fi ƙarfina. In na cire da safe, ta dawo da yamma."

Wulana ya sunkuya wajen sarki, ya ɗago, ya fara cewa tun da haka ne, hukuncin da aka faɗa shi ne.

Na ce, "Ba shi ya rubuta ba."

Mahaifina ya ce, "Tiyumba!"

"Shi cewa ya yi ya koma gida. Ni na ce ya gudu. Ni na saka tambayar, ba ya ma gida. Kwana shida yana yawo da laifina a kan gwiwar da ba ta da lafiya. In za a kori wani abu daga garin nan, ga ni. Darasin lissafi bai zagi kowa ba."

Wani daga baya ya ce, "Ku ji fitsararriya, a gaban fatar sarki take ɗaga murya." Wata murya, na san ta Piriba ce, ta ce, "Kai rufe mana baki, ka taɓa cin jarrabawar komai?"

Tsoho Neindo ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Mun sani."

Na dube shi.

"Ziblim a gabana ya girma. Ko kaza zai yanka sai ya ba ta haƙuri. Bakinsa ba zai iya wannan kalma ba. Tun ranar farko mun san taki ce, muna dai jira mu ga ko za ki bar tsoho ya mutu a hanya." Ya gyara zama. "To, kin faɗa. Yanzu ki ce ƙarya kika yi wa Naa Dokurugu, a wuce wurin."

Mahaifina bai juyo ba. Na tuna Katumi a bayan ƙyaure. Na tsuguna, don ko ba komai tsohon ya isa ya haifi ubana.

Na ce, "Nyaba, na yi laifi da na ɗauki abin da ke naku ban tambaya ba. Na yi laifi da na mai da shi wasan yara. Ina ba ka haƙuri, ina ba Azindo haƙuri ko da ban yarda ni na kayar da shi ba. Amma ba zan ce ƙarya na yi ba. Kai ma ka san ba ƙarya ba ce, shi ya sa kuke rufe wurin da kalangu."

Hayaniya ta tashi. Aka fitar da mu waje, muka tsaya a rana kusan awa guda, ni da mahaifina. Da aka mayar da mu Wulana ya faɗi abin da aka tsayar. Gidanmu zai kawo rago. Manhajar Ticha za ta iya zama a gari, tunda shi bai yi wa fada ƙarya ba. Amma bakin da ya kira sunan ya ƙi janyewa, ba za a ƙara jin sa daga wata waya a Kunjayili ba, ko da ɗaya da ɗaya biyu yake faɗa. Kowane mai gida zai tattaro wayoyin gidansa ya kawo ƙofar fada gobe da safe, wanda kuma aka ji tsohuwar a gidansa bayan nan, shi zai amsa.

Abin da muka kasa a kwana shida, masu gidaje suka yi shi kafin azahar. Suka zo da wayoyi a cikin hula, a cikin ƙwarya, a aljihun riga. Mahaifina yana zaune a kan benci yana gogewa da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya, yana saka wadda ba ta da murya ko kaɗan, rubutu ne kawai da tambayoyi. Wata biyar na yi ina ɗaukar darussan nan. Na tsaya a gefensa har aka gama, na ƙirga ɗari biyu da shida, ban yi kuka a gabansu ba.

Rabin yaran ba sa iya karanta bayanin kimiyya su gane sai an faɗa musu da baki. Saura mako shida. Mahaifina ya ce zai ɗauka da muryarsa, darasi ɗaya kowace rana bayan an tashi makaranta, a fara da waɗanda suka fi wuya. Muryar da ta sha alli shekara ashirin da shida ba ta kai minti biyar ba tare da tari ba. Ni ke riƙe wayar, ni ke tsayarwa, ni ke cewa a sake. Ba a hana ni wannan ba.

Ran da muka gama na huɗu ya sha ruwa, ya jingina da bango, ya ce, "Da kin ce ƙarya ce, da yanzu suna da darasi talatin da tara."

Na ce, "Na sani."

"Kina nadama?"

"Ina nadamar gwiwarka."

Ya jawo littafin ya buɗe shafin gaba.

Ashirin da tara muka samu kafin ranar jarrabawa. Mahaifiyar Katumi ta yarda aka saka mata a mako na uku, bayan ta sa an kunna ta saurara da kunnenta ta tabbatar tarin Ticha ne take ji. Takardar aikina ta fito cikin watan, an tura ni wata makaranta can kusa da iyaka, ni kuma na tafi ba tare da na je sallama fada ba. Mahaifiyata ta ce wannan ma za a riƙe mini. Na ce su riƙe.